Hudar Marka

A Dadin Kowa, bayan gidanmu,
inda hanya ke gangarawa bakin ruwa,
mangwaron Baffa ya yi huda cikin marka.
Gero bai ko fid da kai ba,
kwaɗi na ta hayaniya a kududdufi,
shi kuwa ya sha ado tun daga ƙasa har ƙoli
kamar wanda aka gayyata biki
ya ɓata lissafin rana.

Daso ce ta fara gani, ta je shanya.
Ta ce, zo ka ga ikon Allah.
Na tsaya da buta a hannu
har ruwan ya tsiyaye ban sani ba.

Baffa bai taɓa rataya kalanda ba,
itatuwa ke riƙe masa watanni.
In kuka ta tuɓe, a gyara rumbu.
In ɗorawa ta sako jajayen tutu,
a turara amya a hau da ita.
Gawo kuwa, mai ƙin ruwan Allah,
ranar da ya kakkaɓe ya tsaya tsirara
sai Baffa ya ce a fito da iri,
ko da sama fes take kamar wankakkiyar ƙwarya.
Bai taɓa ba shi kunya ba.

Bana gawon ya riƙe rigarsa
har muka gama noman fari.
Tsamiyar ƙofar masallaci
ta zub da ganye ruwa na tsaka da sauka,
ladan ya share, ya share, ya gaji.
Buba mai lambu ya ce farin kwana ashirin ɗin nan ne.
Ɗana da ke karatu a Kashere
ya ce duniya ce ke zazzaɓi.
Goggo ta ce, ku dai ku yi sadaka.

Shi ma Baffa watanninsa sun tsinke,
kamar carbi a tsakar kasuwa.
Yana sallar la'asar sau biyu.
Yana cigiyar innarsa.
Ni kuma Gidado yake kirana,
sunan wana da muka binne shekara tara.

Da ruwa ya tsagaita muka fito da shi tabarma.
Ya ɗaga hanci. Ya sake ɗagawa.
Sai na ga idon nan ya washe.
Gidado, huda ta fito kuna zaune?
Ina amya?

Daso ta buɗe baki za ta ce marka ce,
na girgiza mata kai.
Wa zan ƙaryata?
Tsoho ya faɗa, itace ya shaida,
ƙamshi ya cika gida har madafi.

Na zaro tsohuwar amya daga bayan ɗaki,
gara ta ci gefe guda.
Na hau, ɓawo na santsi, gwiwa na rawa,
shi yana ƙasa yana ba da umarni
da muryar da na manta yana da ita:
bakinta gabas, yaro,
ƙara ɗaurewa, igiya ba ta ƙare ba.
Na ce to, Baffa.
Na amsa sunan da ba nawa ba
sau uku, ko huɗu.

Da dare hadari ya taso daga wajen Hinna
da iska mai fizgar kwano.
Gari ya waye huda na kwance cikin taɓo,
kaji na tsattsaga abin da ba zai zama ɗa ba.
Na kai wa Baffa kunu,
ya dube ni ya ce, baƙo daga ina?

Amyar tana nan, ta jiƙe sharkaf.
Ɗazu na ga ƙudan zuma uku a bakinta,
suna shiga, suna fita,
ba su yanke shawara ba tukuna.
Ni ma ban sauko da ita ba.