Taura Biyu

Ƙarfe biyun dare a Pittsburgh.
Kogin Monongahela ya daskare gefe da gefe,
ni ko na kasa tsayawa kan magana ɗaya.
Jibi za a rufe jerin zaɓi.
Asibiti goma sha ɗaya na zaga da kwat ɗin aro,
tara sun zube da kansu,
biyu suka rage, sun zuba min ido daga allon kwamfuta.

Na farko yana can kudu.
Can wuƙa ba ta hutawa.
Sun ce kafin shekara bakwai ta cika
zan buɗe ƙoƙon kai ya fi dubu,
yatsuna za su san jijiya cikin duhu
yadda harshe ya san haƙoran gidansu.
Da na tambayi ɗakin bincike,
shugaban ya dubi agogonsa
ya ce, "Ai akwai ranar Lahadi."

Na biyun nan ne, tsallaken gada.
Shekara biyu cur ba kiran dare,
daga ni sai ɓeraye sai madubin ƙara girma.
To, kuɗin fa?
Kuɗin na rataye a wuyan wata takarda
da ke tafiya hannun alƙalan da ban san fuskarsu ba,
su karanta ta suna hamma, su ba ta maki,
a ɗauki ɗaya, a ce wa sauran Allah ya kai mu baɗi.

Ina wurin ranar da ta Farfesa Lindqvist ta dawo.
Shekara goma sha tara yana bin sawun ƙari guda.
Bai ce uffan ba.
Ya raba kejin ɓerayensa kamar rabon gado,
ya sallami Yevgenia mai tsaron firiji,
ya wanke hannu har gwiwa,
ƙarfe bakwai ya shiga tiyata.
Hannunsa bai yi rawa ba.
Nawa ne ya yi, da nake riƙe masa fitila.

Ɗazu Yaya Balaraba ta kira daga Funtuwa.
"Hakama, taura biyu ba ta taunuwa.
Ɗauki wuƙar, ita ke biyan bashi."
Ba ta yi ƙarya ba.
Filinta na bayan tasha ne ya zama kuɗin jarrabawata,
kuma ba ta taɓa goranta min ba,
abin da ya fi gori nauyi ke nan.

Amma ita ma tana tsaye a bakin gadon
ranar da bututun kan Tunau ya toshe karo na uku.
Likitan ya iya aikinsa, wallahi ya iya.
Bututun ne bai iya nasa ba.
Shekararsa shida. Yana son gyaɗa mai gishiri.
Na tambayi kowa me ya sa,
har yau amsar ba ta iso ba.
Wuƙa na cire abin da ido ya gani,
"me ya sa" kuwa ba shi da wurin kamawa,
sai an zauna, sai an daɗe,
sai wani ya biya kuɗin wutar da za a zauna a ƙarƙashinta.

Shayina ya huce.
Motar kwashe ƙanƙara ta wuce sau biyu, tana kankare titi.
A ƙasan benen asibiti
akwai ɓera mai lamba goma sha huɗu,
da ɗan bututu siriri kamar gashin gira a kansa.
Yau kwana arba'in da ɗaya bai toshe ba.
Ɓera ɗaya ba hujja ba ce, na sani,
haka alƙalan za su rubuta da jan biro.

Na ja sunan tsallaken gada zuwa sama.
Na mayar da shi ƙasa.
Na sake ja.

Ban danna ba tukuna.
Bari in sa takalmi in je in duba shi.