Sankara da Ƙanƙara

Shekara ashirin da uku kan Kubura yana bisa cinyata,
ran Alhamis, bayan la'asar, a gindin darbejiyar gidanmu na Jega.
Na san inda gashinta ke gardama,
na san tabon da murhu ya bar mata a bayan kunne.
Sai likita ya ce: sankara.
Ya ce maganin da za a aika cikin jini
manomi ne mai gaggawa,
ba ya tsayawa ya tantance ciyawa da gero.

Kubura ba ta dubi ƙirjinta ba.
Kanta ta dafa.

Ɗanta ya aiko da huluna huɗu masu ruwa a ciki.
Likita ya juya su, ya ce a gwada, amma bai ɗauki alkawari ba.
Wai sanyi na sa hanyoyin jini su tsuke baki
kamar marowaci ya hango baƙo,
sai magani ya wuce saiwar gashi bai zauna ba.

Da asuba muka kama hanyar Birnin Kebbi,
kula a tsakanin ƙafafuna,
cike da ƙanƙarar Ɗan'ige mai kifi.
Har yau hulunan na ƙarnin tarwaɗa.

Bazara ce, ko ƙadangare ya nemi inuwa,
ga ƙanwata cikin bargo biyu, haƙora na kaɗawa.
Rifkatu ta zare ma'auni daga hammatarta:
"Talatin da bakwai. Jiki na zaune a gidansa,
kai kaɗai muka tura cin rani ƙasar sanyi."
Kubura ta ce mu bar ba ta dariya, goshinta zai tsage.

Hula ta huce in cire, in ɗora wata, in ɗaure haɓa,
ruwan magani ja kamar zoɓo yana ɗiga, yana ɗiga.
Yatsun da suka saba da tsinke da man shanu
sun sandare, ban ce komai ba.

Zuwa na uku mota ta mutu a Kalgo.
Kafin a samo bakanike kula ta koma randa.
Ran nan na zauna hannu banza
ina kallon zoɓon yana shiga.
Bayan mako biyu na share tabarmarta tun ba ta farka ba,
na ƙulle abin da na tsinta a bakin zanena.

Yanzu an gama zuwa. Jiya Alhamis.
Da can layi goma sha biyu nake ja mata,
jiya biyar na samu, sako-sako, tsakiya kamar fadama bayan girbi.
Ta karɓi madubi, ta daɗe tana dubawa,
ta shafa tabon nan na bayan kunne,
sannan ta kwance bakin zane.
"Yaya Tumba, rabin kai ne, rabin kuɗi zan biya."
Na ce ba ta isa ba,
kuɗin ƙanƙara ma ina binta.