Kuben Baƙo

Rabe makanike ne ya kawo hoton,
ya yago shi daga kalandar gareji,
gefe guda duk shatin yatsa da baƙin mai.
Ya ce, Baba, wasa za su yi a lakwal,
mushe ya ba Lawali mayaƙin Japan,
samurai suke ce masa.
Takobin katako na sa an sassaƙa a Mokoyo,
kube ya rage, kuma Asabar ce ranar.

Shekara arba'in da ɗoriya ina dukanci
a rumfar nan ta kasuwar Maraɗi.
Na ɗinka wa Buzaye, na ɗinka wa mahauta,
na san inda takobi ke kwana:
a kafaɗa, cikin hamila,
yana lilo ƙarƙashin hammata kamar gorar makiyayi.
Ban dubi hoton sau biyu ba.
Na ce, je ka, jibi ka turo yaron.

Jibi sai ga shi cikin sulke.
Kwalin taliya aka yanka falle-falle,
uwarsa ta harhaɗa da zaren buhu.
Na rataya masa jar hamila,
irin wadda nake yi wa kirari.
Ta sarƙe a allon kafaɗa.
Ya kai hannu, ƙota ta gudu bayansa.
Na cire, na soka kuben a ɗamara,
sulke ya tokare, takobi ya ƙi fita.
Mai goro ya yi dariya har da tari.
Yaron bai yi ba.
Duba na kawai ya yi, irin duban da ake yi wa babba
in ya ɓata hanya a garinsu.

To, na ɗauko tabarau.
Na shimfiɗa takardar bisa gwiwa,
na goge man da bakin riga.

Ashe mutumin bai ɗora wa kafaɗa komai ba.
A ƙugu yake, ta hagu,
igiya biyu sun sauko daga ɗamara,
kowace ta kama zobenta a jikin kube.
Takobin na kwance, kaifi na duban ƙasa,
kai da gindi sun ɗan ɗaga,
kamar kwalekwale a Gulbi in damina ta yi albarka.
Can sama da shi, kusa da cibiya,
wata gajeriyar wuƙa a soke,
ta ranar da babban ya yi nisa da hannu.

Na daɗe ban ce komai ba.
Wani ne ya auna tazarar zobban nan.
Wani mai kaushin yatsa irin nawa,
a garin da ban iya faɗin sunansa,
ya ga ƙarfe ya hana ciki lanƙwasa,
ya ce, to a sassauta wa takobi, ya yi tafiyarsa daban.
Ban san me yake ci ba.
Na san ya sha warware ɗinki.

Daren nan na yi shi da basilla da fitilar salula.
Zoben farko daga tsohon linzami,
na biyu Rabe ya ciro a jikin mataccen babur.
Sau uku ina matsar da shi,
faɗin ɗan yatsa, rabin ɗan yatsa,
har kuben ya daina sunkuyar da kai.

Asabar ban je ba, ƙafa ta hana.
An ce ya zare shi ja guda,
an ce kwalin ya yage wajen tafi.

Hoton na nan, na kafe shi da ƙaya
tsakanin layu da takalman da ba a zo karɓa ba.
Masu ciniki kan tambaya, wane ne wannan?
In ce, ban san shi ba.
Badukunsa dai mun gaisa.