Kunnen Aro

Shekara talatin da ɗaya ina bakin injin niƙa
a Ƙofar Marusa.
Gero da dawa sun gina mini gida,
ƙara ta karɓi ladanta a kunnena.
Yau sai an yi sallama uku nake amsawa.

Da na ajiye aiki, Lurwanu ɗana
ya kawo akwatin gilashi daga Ikko,
kifi bakwai, jajaye, ba na miya ba.
Ya ce, "Baba, ga abokan zama marasa surutu."

Sai bazara ta sauka.
Kwanon rufi yana dafa ɗaki,
fitilar murfin tana iza wuta.
Na tsoma yatsa, na ji ruwan wankan jego.
Ranar Laraba biyu suka juya ciki sama,
sauran suna saman ruwa, baki buɗe,
kamar masu jiran a sha ruwa.

Na kafa musu fankar tebur, na kwanta.
Ni ban ji komai ba.
Da asuba Tasalla ta ce, ido jawur,
"Malam, injin ka dawo da shi ɗaka?"

To, wanda ba shi da kunne sai ya ara.
Na kama hannun jikata Yahanasu,
'yar tara, mai jin tafiyar ƙadangare bayan katanga,
muka nufi kasuwa, rumfar Shitu mai gyaran kwamfuta.

Ya zazzage kwali, fankoki baƙaƙe, duk ƙura.
Ya jona ƙarama. Ta ce, "Sauro."
Ya jona wata. "Ƙuda a kwalba."
Ta uku cikinta ya bushe. "Ana suyar gyaɗa."
Shitu ya yi dariya har hula ta zame.
"Ƙarama gajere ne mai bin dogo,
sai da gudu take cika aiki.
Babba takawa take, iskar kuma ta fi yawa."

Ya ɗauko mai faɗin tafin hannuna.
Na ga fikafikai sun ɓace cikin juyi.
Yarinya ta kai kunne, ta daɗe,
ta ɗago. "Kaka, ya kunna kuwa?"
Na ce a ba ni biyu.

Ya ce an rubuta mata bol sha biyu,
amma kada a cika mata ciki,
a sa maɓallin murɗawa, a rage mata zafin rai.
Wutar gari kuwa baƙuwa ce,
ta zo ba sallama, ta tafi ba sallama,
sai muka haɗa da batirin babur,
da faifan sola, bai fi allon karatu ba,
rana ta biya diyyar abin da ta kashe.

A gida na huda murfi gabas da yamma,
ɗaya ta shigo da iska, ɗaya ta kori tururi.
Na yanka tsohon tiyub na keke
na shimfiɗa ƙarƙashin kowace kusa,
don katako ma yana da baki.
Waya na bar mata lanƙwasa ƙasa,
ɗigo in ya biyo ta ya faɗi a hanya.
Fis na manta, sai da na koma.

Yanzu ruwa yana raguwa yatsa guda a kwana biyu,
ina cikawa daga randa.
Biyar ɗin sun sauka ƙasa suna harkarsu,
mai tabon wutsiya har ya fara faɗa.

Tsakar dare nakan tashi,
in ɗora tafi a kan murfi,
yadda nake taɓa inji in san lafiyarsa.
Ɗan motsi kaɗan, kamar numfashin jariri.

Yahanasu ta ce ba abin da ake ji a ɗakin
sai minsharin kakarta.
Shi ma a bakinta na ji.