Tafin Hannu a Lamingo

Laraba ce ranar ruwana.
Sabitu ya ɗauko ni daga Gangare tun asuba,
sanyin Jos na cizon kunne,
na ɗaura ɗankwali biyu a kan da babu gashi.

A asibitin Lamingo suka rataya leda a ƙarfe,
ɗigo, ɗigo, jan magani na bin jijiya.
Bakina ɗanɗanon tsohon kwabo.
Ni da na shekara talatin ina ɗaga buhun dankali a Farin Gada,
yau cokali ya fi ƙarfina.

Sai ga wata nas, Kachollom sunanta,
gajera, da tabon ƙuna a wuyan hannu.
Ta ce, "Mama, in ɗora miki hannu?
Reiki ake ce masa, daga Japan ya fito.
Wata tsohuwa ce ta koya mini."

Na ce, "Japan ɗin da na sani ta babur ce da rediyo.
Yaushe suka fara aiko da hannu?"
Ta yi dariya har da dafa gado.

Na ce, "Tsaya tukuna. Da tsafi a ciki?"
Ta ce, "Babu laya, babu turare, babu wanda zan kira.
Kuma ba zai cire ciwon ba, kada in yi miki ƙarya,
wannan aikin ledar can ne da Dakta Dalyop.
Ke yi addu'arki. Ni shiru zan yi."

Na yi bisimilla, na lumshe ido.

Tafi ɗaya a goshi, ɗaya a ƙeya.
Ba tausa ba ce. Ba ta matsa, ba ta murza,
ajiye shi ta yi kawai,
yadda ake ajiye ƙwai a cikin tsumma.
Can sai ɗumi,
irin na duwatsun Shere bayan la'asar,
rana ta tafi amma dutse bai manta ba.

Ita ta ce wani ƙarfi ne ke ratsawa.
Sabitu, da ya yi boko, ya ce zafin jini ne kawai.
Su ƙarata can.
Ni abin da na sani,
tun da Malam ya kwanta dama, shekara tara ke nan,
duk hannun da ya taɓa ni
ko jijiya yake nema
ko canji yake karɓa.

Na tambaye ta unguwa, ido a rufe.
Ta ce Unguwar Rukuba.
Akwai shekarun da ba na bin hanyar nan ko da rana tsaka,
ita ma na san ba ta bin tamu.
Ba mu tada zancen ba.
Hannunta bai motsa ba,
goshina ma bai janye ba.

Na yi barci.
Ni da dare ke wuce ni ina ƙirga ɗigon rufi,
na yi barci har leda ta yamutse,
Sabitu ya ce har da minshari.

Ciwon yana nan, ban ce ya tafi ba.
Amai ya zo da dare yadda ya saba.
Saura zagaye uku, sannan a ɗauki hoto,
sannan abin da Allah ya rubuta.

Larabar da ta zagayo na kai mata dankali,
kwano guda, ɗan Bokkos, mai jan bawo.
Ta ce, "Haba Mama, ai ba a biya."
Na ce, "Wa ya ce biya ne?
Ɗaya bayan ɗaya na zaɓe su,
da hannun nan da ke rawa.
Karɓi.
Ni ma iyakar abin da na iya ke nan."

Ta tura kwanon ƙarƙashin kujera,
ta hura tafukanta don sanyi,
ta ce in gyara kwanciya.