Abin da Hayaƙi Ya Bari

A Agege, gefen layin dogo,
shekara goma sha tara na yi ina wanke hannu da fetur.
Shi ke cire baƙin mai, sabulu sai ranar Juma'a.
Da baki nake zuƙo shi ta tiyo,
in tofar, in goge leɓe da gefen riga,
in gutsiri burodi.

Ba wanda ya ce mini akwai dalma a ciki.

A garejin nan Tanimu ya yi rarrafe,
tsakanin tsoffin tayoyi.
Tsayinsa daidai bakin salansa,
duk danfon da ya tashi, shi yake fara yi wa sallama.
Yakan damƙi ƙasa ya kai baki
mu yi dariya, mu ce ƙarfi yake nema.

Da ya shiga makaranta karatu ya ƙi zama.
Abin da aka zuba da safe
kafin la'asar ya tsiyaye, kamar ruwa a kwando.
Malaminsa ya ce taurin kai ne. Na yarda.
Na yanko tsumagiya,
Allah Ya yafe mini, ba sau ɗaya ba.

Sai da furfura ta cim mini,
ƙafa ta kumbura, jini ya hau,
a asibitin Idi-Araba wata likita, Folake,
ta ajiye biro ta ce: Baba, wace sana'a ka yi?
Ta ce dalma ba ta ƙonewa,
takan bi hayaƙi ta kwanta cikin ƙura,
ta shiga jini, ta laɓe a ƙashi.
Babba, ƙodarsa take ci a hankali.
Yaro kuwa ƙwaƙwalwa.

Ban ji sauran ba.
Tsumagiyar nake gani.

An ce tuntuni aka daina zuba ta a mai.
To, madalla.
Wadda ta riga ta sauka fa, wa ya share?

Tanimu yau yana faci a bakin gada.
Hannunsa na da kyau, canji ne ke rikita shi,
da magariba ni nake ƙirga masa ciniki.
Jiya ɗiyarsa ta damƙi ƙasa.
Na kama hannun, na kai shi bakin buta,
na wanke, na sake wankewa, har ta yi kuka.

Ya ce, Baba, ai ƙasa ce kawai.
Na buɗe baki in roƙe shi gafara,
wani danfo ya tashi.