Bar-su da Ƙwaurin Arzika

Bai cika wata uku ba,
haƙoran nono a bakinsa kamar ƙayar aduwa,
na karɓo shi a Kwalkwalawa hannun wani masunci
don ya tashi yana gadin rumfar albasata.
Na raɗa masa Bar-su.

Ran da Arzika ya zo taya kaya,
ya duƙa yana latsa albasa da babban yatsa,
yana cewa ta sha ruwa, yana zaftare mini kuɗi,
sai ga Bar-su daga bayan buhuna.
Ya rungume ƙwaurin Arzika da ƙafafun gaba,
ya kama sukuwa.
Wutsiya na kaɗawa, harshe a waje,
ido kamar wanda ya tsinci tsoka.

Arzika ya daka tsalle, hularsa ta faɗa kwando.
"Subhanallahi! Wanga wane irin ɗan banza na?"
Ya nemi buta, ya nemi ƙasa,
ya wanke sau bakwai yana ƙirgawa da ƙarfi don in ji.
Ciniki ya mutu a wurin.

Labbo ya leƙo ta kan danga:
"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Tsumagiya biyu ta ishe shi.
Ka ƙyale, gobe ƙafar liman zai kama."

Na yanko ta geza. Na ɗaga.
Ya kwanta rigingine, ya saki ɗan fitsari,
yana kallona, bai san abin da ya yi ba.
Hannuna ya yi sanyi.

Ran allura na sa shi a kwali,
na ɗaure a bayan mashin, muka shiga Sakkwato.
Gaban Dakta Tumba kalmar ta maƙale mini a wuya,
sa'ar 'yata ce, da wane baki zan faɗa?
Na dubi takalmina na ce, "Yana... hawa."

Ba ta ko ɗago daga sirinji ba.
"Baba, wannan bai san mace ba tukuna.
Murna ce ke yi masa yawa,
kamar koko ya tafasa ya zubo bakin tukunya.
Wani lokaci baƙon wari ke ruɗa shi,
wani lokaci kokawa ce irin ta 'yan ciki ɗaya.
Matansu ma suna yi.
Ka doke shi, ya koyi tsoron hannunka,
kare mai tsoro kuwa shi ke cizo.
Ka yi dariya, ya ɗauka tukwici ne.
Kira sunansa, janye shi ba hayaniya,
ba shi igiya ya ja, ba shi ƙashi ya gwaigwaya.
Ka gajiyar da shi kafin baƙi su zo.
In ka ga yana yawan lasar wurin,
ko fitsari na ba shi wuya, dawo mini da shi."

Yanzu bayan asuba muna sauka bakin Rima,
shi a gaba, ni da gwiwoyina muna biye.
Na ƙulla masa tsohuwar igiyar guga.
In ya ji sallama jikinsa ya fara rawa,
sai in ce, "Bar-su, zo nan,"
sau uku cikin biyar yana zuwa.

Jiya na kama shi da buhun kusurwa.
Buhu ba ya alwala, na sani,
amma na kira shi duk da haka,
don bai san bambancin buhu da baƙo ba.

Arzika ya dawo ran Laraba.
Bai sauka daga mashin ba, bai kashe inji ba,
ƙafafunsa biyu a naɗe sama,
ido a kan Bar-su da igiyarsa.
Na faɗi kuɗin farko.
Ya ƙirgo ya miƙo, bai latsa ko ɗaya ba.